A Tsaunin Mambila Na Koyi Zaɓen Injin Yankan Itace

Lambun da mahaifinmu ya bar mana a bayan garin Kano bai cika kadada guda ba, amma bishiyoyinsa sun tsufa tare. Mangwaro sun haɗe kai har rana ba ta sauka ƙasa, gwaiba ta bushe ta gefe ɗaya, darbejiyar da aka jera a bakin shinge kuwa duk damina sai iska ta ɓalle mata reshe ta jefa cikin gonar maƙwabci. Gatari da adda sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Da muka zauna da 'yan'uwa, aka tsai da shawarar sayen injin yankan itace, aka ɗora mini nauyin zaɓe, kowa kuma da huɗubarsa iri ɗaya: a sayo babba, wanda zai daɗe. Ana cikin haka wani abokin karatuna da ke koyarwa a Gembu ya gayyace ni ɗaurin auren ƙaninsa. Da na ba shi labarin abin da ke gabana, sai ya ce kada in taɓa aljihuna sai na zo, domin a garinsu ƙarar wannan inji ce ke biyo bayan sallar asuba.

Mun bar Kano da sassafe, muka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, muka ratsa Bauchi da Gombe, muka wuce duwatsun Kaltungo, muka haye gadar Binuwai a Numan rana tana shirin faɗuwa. A Jalingo muka kwana. Washegari aka nausa kudu, ƙasa ta fara sauya kama, ciyawa ta ƙara tsawo, itatuwa suka ƙara duhu.

Daga wajen Garba Chede direbanmu ya fara nuna mini kututture a gefen hanya. Nan aka yi kasuwar madobiya, itacen da dillalai ke kira Madrid. A 'yan shekarun da suka gabaci 2018, tireloli sun yi ta lodin gumagumanta zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, daga can zuwa ƙasar Sin, inda ake ƙera kujeru da gadaje masu tsada da ita. A 2016, a taron Johannesburg, yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa ta sa madobiya cikin jerin abin da ba a fitarwa sai da takardar izini, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Kafin dokar ta iso daji, inji ya riga ya gama da manyan. Makiyaya sun fi kowa jin rashin, domin ganyen madobiya ne ke riƙe shanu a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare. Na yi shiru a motar nan ina kallon kututturen, domin kayan aikin da ya yi wannan ɓarna shi ne zan sayo in kai gida. Bishiyar da mai gatari zai wuni a kanta, inji yana kayar da ita kafin shayi ya huce. Duk wanda zai riƙe shi ya kamata ya fara sanin haka, ya kuma san cewa a wurare da yawa ba a sare bishiya, ko da a filinka take, sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Muka haye kogin Taraba a Bali, muka tsaya cin abinci a Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, wanda ya fi kowane gandun dajin ƙasa girma a Najeriya. Daga Mayo Selbe hawan ya fara. Hanya ce mai murɗe-murɗe, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, mota tana nishi, fasinjoji suna salati. Da muka kai sama sai duniya ta buɗe: tuddai shimfiɗe da ciyawa iyakar ganinka, shanu fari da ja a warwatse, sanyi yana shigowa ta tagar mota har kowa ya laluɓo rigar sanyi. Tsaunin ya haura mita 1,500 daga doron teku. Daga Maisamari zuwa Nguroje zuwa Gembu, abin da ya fi ɗaukar idona shi ne bishiyar turare. An dasa ta a bayan gidaje, a kan iyakokin gonaki, a gangaren tuddai, dogaye miƙaƙƙu. Ita ce makamashin girki, ita ce katakon rufi, ita ce kuma ake lodawa a manyan motoci a gangara da ita ƙasa. Inda ake da irin wannan itace, dole a sami masu yanka da masu gyaran abin yankan.

An ɗaura aure lafiya, an ci an sha. Kashegari abokina ya kai ni wata rumfar kwano kusa da kasuwa, wurin wani dattijo mai gyaran inji. Fulatanci ya fi yawa a bakin mutanen wurin, amma dattijon Hausarsa tsaf take. Injuna ne jere a ƙasa, wasu a kwance ciki a buɗe, warin fetur da baƙin mai ya cika wurin. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, inji nake son saya, kuma ban taɓa riƙe shi ba."

Bai tambaye ni nawa ne a hannuna ba. Cewa ya yi, "Me za ka yanka, Malam?"

Na lissafa masa: busassun rassan mangwaro, abin da iska ta kayar, itacen girki, sai gwaibar da ta mutu. Ya ce in nuna masa kaurin mafi yawansu da hannu. Na nuna. Sai ya miƙa hannu ya jawo wani ƙaton inji ya ce in ɗaga. Stihl 070 ne, na kamfanin nan na Jamus da Andreas Stihl ya kafa a 1926, kuma shi ne sarkin injuna a wajen masu tsaga katako a ƙasashenmu. Nauyinsa ya kusa kilo 11 tun ba a ɗaura masa sarƙa da dogon ƙarfen da take zagayawa a jikinsa ba, tun ba a zuba mai ba. Ƙarfin injinsa cc 106, wato kusan injin babur ɗin acaɓa ne aka ba ka ka riƙe a hannu biyu. Ya ce in miƙa shi gabana in tsaya haka. Ba a jima ba kafaɗuna suka fara rawa.

"To ka gani," in ji shi. "Wannan na mai tsaga gungume ne daga safe zuwa yamma. Kai da za ka riƙa sunkuyawa kana miƙewa a tsakanin rassa, gajiya za ta riga ka gama aiki. Gajiyayyen hannu kuwa shi ke kai sarƙa gwiwa."

Abin da ya dace da lambu, a bayaninsa, inji ne mai cc 30 zuwa 45, nauyi kilo 4 zuwa 5, ƙarfen sarƙa inci 14 ko 16. Ya nuna mini wani Stihl MS 180 da aka kawo gyara, mai cc kusan 32 da nauyin kilo 4 ko kusa da haka, ya ce kamfanin Husqvarna na Suwidin ma yana da irin wannan girma. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: ƙarfen ya ɗan fi kaurin itacen da ka fi yankawa tsawo, shi ke nan. Idan wata rana ka haɗu da wanda ya fi shi kauri, ka yanka ta gefe biyu. Dogon ƙarfe a hannun sabon shiga ba ya ƙara komai sai nauyi da yawan abin da hancinsa zai taɓa ba ka sani ba.

Daga nan ya shiga nuna mini abubuwan da zan duba kafin in biya kuɗi, yana taɓa kowanne da baƙin yatsansa. Na farko birkin sarƙa, wato marfin nan da ke tsaye a gaban hannun hagu. Ya tura shi gaba, ya yi ƙas, ya ce in ja sarƙar. Ta ƙi motsi. Ya jawo shi baya, ta saki. Manyan tsofaffin injunan da ke jere a rumfar ba su da wannan birki, kuma ya ce min kai tsaye kada in sayi injin da ba shi da shi ko da kyauta aka haɗa mini da sarƙa goma. Sai makullin totur, wanda ke hana injin ɗaukar wuta sai tafin hannunka ya danne shi, don kada wani reshe ya taɓa totur ya tayar da sarƙa kana tafiya. Sai wani ɗan ƙugiya a ƙarƙashin inji, wanda ke cafke sarƙa idan ta tsinke ko ta zame, kada ta zabgi hannun dama. Sai robobi ko sifirin da ke raba mariƙi da jikin inji don rage girgiza.

Na tambaye shi batun masu araha da suka cika kasuwanni, waɗanda ake rubuta wa cc 52 ko 58. Bai kushe su gaba ɗaya ba. Ya ce akwai masu aiki a cikinsu, kayan gyaransu ma suna samuwa, amma sai an gwada birkin a gabanka da injin a kunne, domin ya sha ganin wanda marfin yana nan amma ba ya kama komai. Abin da ya fi ba shi haushi jabu ne, wanda aka shafa wa launi da sunan babban kamfani. Ya ce in nemi shagon da zai ba ni rasit da takardar garanti da littafin bayani, in duba lambar da aka buga a jikin inji, sannan in tambayi mai shagon ko yana da fulogi da filtar iska da igiyar tayarwa da sarƙar wannan samfuri. Injin da babu kayan gyaransa a garinku, ranar da kafireto ya toshe ranar ya zama kayan gwangwan.

Zancen mai ya ɗauke mu lokaci, kuma na gane dalili da na ga yawan injunan da suka mutu a rumfar ta wannan hanya. Injin nan ba shi da wurin zuba man inji daban, a cikin fetur ake haɗa masa. Manyan kamfanoni suna cewa kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato mililita 100 a lita 5, kuma da man da aka yi musamman domin irin wannan inji mai bugu biyu. Masu araha da yawa an rubuta musu 25 da 1. Kowanne dai a bi abin da littafinsa ya ce, a auna da sirinji ko kwalba mai ma'auni. Haɗin ido da ake yi wa ƙaramin janareta da baƙin man mota shi ne ke ƙone fistin. Ya hana ni sayen fetur a wurin 'yan bumburutu, ya kuma ce kada in haɗa wanda zai wuce wata guda a ajiye. Tanki na biyu na man sarƙa ne, mai sa ta zamewa a jikin ƙarfe. A nan yawancin masu yanka tsohon baƙin man da aka juye daga mota suke zubawa, saboda araha. Dattijon ya ce shi ke toshe famfon mai ya cinye ƙarfe, ga shi yana fantsama a jiki da ƙasar gona. A lambun da ake shuka abin ci, wannan kaɗai ya isa dalili.

Da zan tashi ya ce, "Ɗana, abin da na faɗa maka rabi ne. Gobe ka bi masu yanka daji ka ga sauran."

Haka aka yi. Da duku-duku muka hau babura cikin hazo, muka gangara wani kwari inda wani mai gona ya sayar da turarensa a tsaye. Opareta ɗaya ne da yaransa biyu. Mutum ne mai fara'a, amma da ƙarfi yake magana, kuma sai na maimaita tambaya kafin ya ji. Ba a daɗe ba na gane cewa injin ne ya ci kunnensa. Ƙarar wannan inji ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa idan aka daɗe a ciki, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce da dare yatsunsa sukan mutu, sai ya yi ta murza su kafin su farfaɗo. Takalmin roba ne a ƙafarsa, kansa hular sanyi, kunnensa babu ko auduga.

Gwaninta kuwa ba a magana. Na ga yadda suke tsoma zare a baƙin mai, su ja shi a kan gungume su ɗaga su saki, ya bar miƙaƙƙen layi, sannan ya bi layin da hannu kawai ya fitar da katako sumul. Kafin ya kayar da bishiya sai ya zagaya ta, ya ɗaga kai ya duba inda ta karkata, inda iska ke kaɗawa, da ko akwai busasshen reshe a sama da zai iya faɗo masa. Ya sa yaran suka share masa hanyar gudu ta baya, a karkace, ba daidai bayan bishiyar ba, domin gindi yakan yi tsalle baya idan ta faɗi. Ya kore mu nesa, ya ce ninki biyu na tsawon bishiyar. Ya yanke baki a gefen da yake son ta faɗi, bai kai sulusin kaurinta ba, ya koma baya ya yanka ɗan sama da wancan, ya bar wani siririn itace a tsakani bai tsinke shi ba. Wannan ragowar ita ke riƙe bishiya ta jagorance ta har ƙasa. Wanda ya yanke ta gaba ɗaya ya sakar wa bishiya linzami, ta faɗi inda ta ga dama.

Da suka zauna hutu ya ɗaga ƙafar wandonsa ta hagu ya nuna mini tabo a saman gwiwa, dogo, mai kauri. Ya ce ƙarshen yini ne, ya gama yanka, ya sauke hannu sarƙa ba ta gama tsayawa ba. Daga nan aka ɗauke shi a babur, tafiya mai nisa kafin asibiti. Sannan ya ba ni labarin abin da suka fi tsoro, wato harbin inji. Sarƙa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda. Idan saman hancin ƙarfen ya taɓa wani itace, ko yanka ya matse shi, haƙori yakan cije ya tsaya cak, sai duk ƙarfin nan ya wurgo ƙarfen sama da baya, ya nufo fuska da kafaɗa. Yana faruwa kafin ƙiftawar ido, babu mai zafin naman da zai kauce. Aikin birki ke nan: ko dai wuyan hannun hagu ya bugi marfin, ko fizgar kanta ta tayar da shi, sarƙa ta tsaya kafin ta iso.

Ya ba ni wani ƙaramin inji da suke sassabe rassa da shi, a kashe, ya gyara mini tsayuwa. Hannun hagu a mariƙin gaba, babban yatsa ya zagaye ta ƙasa, ba a ɗora shi a sama ba. Hannun dama a baya. Ko bahago ne haka zai riƙe, domin a haka aka ƙera injin. Gwiwar hannun hagu a miƙe, ƙafafu a buɗe, jiki ya ɗan koma hagu yadda ko ya yi harbi zai wuce ta gefen kafaɗa. Ido kullum a kan hancin ƙarfen. Wajen tayarwa, a ajiye shi ƙasa, a sa birki, a taka mariƙin baya da ƙafar dama, a danne na gaba da hannun hagu, sannan a ja igiya, kuma a matsa aƙalla mita 3 daga inda aka zuba fetur. Na lura shi kansa a tsaye yake tayar da nasa, ya sake shi ƙasa da hannu ɗaya yana fizgar igiya da ɗaya. Da na yi masa magana ya ce, "Yallaɓai, kada ka kwaikwaye ni a wannan. Mun saba ne kawai, kuma sabon nan ya illata mutane da yawa."

Na ga yana wasa sarƙa da magagari kusan duk lokacin da ya ƙara mai, haƙori bayan haƙori, kowanne shafa iri ɗaya. Ya ɗebo abin da ke zubowa daga yanka ya zuba mini a tafi. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take fitarwa, kuma ita ke jan kanta cikin itace. Idan ka ga gari mai laushi, ko ka ji kana dannawa da ƙarfi, ta dakushe, kuma dakusasshiyar sarƙa ta fi mai kaifi haɗari. Ya nuna mini yadda ake gwada ɗaurinta, injin a kashe: ta kwanta a jikin ƙarfe ba ta reto ta ƙasa, amma tana jawuwa da hannu.

A kan hanyar komawa gari na yi ta auna abin da na gani da lambunmu, sai na ga namu haɗarin daban ne da nasu. Turaren Mambila miƙaƙƙe ne, mai tsabta, a fili. Bishiyoyinmu na Kano ɓawonsu cike yake da yashi da ƙasar gara, waɗanda ke kashe kaifin sarƙa nan take, don haka sai an kankare wurin yanka da adda tukuna. Darbejiyar bakin shinge ta haɗiye ƙusoshi da wayar da aka ɗaura mata shekaru aru-aru, kuma haƙori ya ci karo da ƙusa babbar hanyar harbi ce. A cikin mangwaro akwai zuma da rina, ƙarar inji kuwa tana tayar da su. Ga wayar lantarki da ke ratsa rassa a unguwanni da yawa. Ga yara, waɗanda da sun ji ƙara za su kewaye ka. Ga suturarmu: jallabiya, babbar riga, rawani mai jela, mayafi, duk abin da ke lilo sarƙa tana iya kamawa. Ga zafin rana da ƙishirwa, balle a watan azumi, masu kawo gajiyar da dattijon nan ya yi gargaɗi a kanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, yawancin gyaran mangwaro a sama yake, kuma wannan inji ba a ɗaga shi sama da kafaɗa, ba a hawa tsani da shi, ba a riƙe shi da hannu ɗaya ana riƙe reshe da ɗaya. Ke nan rabin aikin da 'yan'uwana suke hango masa ba nasa ba ne. Rassan sama na zarton hannu ne mai doguwar sanda, bayan an gama ɗiban 'ya'ya. Inji na abin da ya riga ya sauko ƙasa ne, shi ma a ɗora shi a kan wani itace don kada sarƙa ta ci ƙasa, a kuma lura da reshen da ke lanƙwashe a danne, wanda yakan zabura idan an yanke shi. Babbar bishiya kuwa, musamman ta kusa da gini ko waya, ni a ganina sabon shiga ba shi da hurumin taɓa ta. A kira masu sana'ar a biya su.

Akwai kuma wanda bai kamata ya sayi mai fetur ba sam. Mai 'yan bishiyoyi a tsakar gida, wanda zai yi yanka jefi-jefi, mai batir ya fi masa, musamman idan yana da sola. Babu haɗin mai, babu jan igiya, babu kafireton da zai toshe saboda dogon ajiya, ƙararsa ma da sauƙi. Sai dai rashin ƙarar kan sa mutum ya raina shi, alhali haƙoran iri ɗaya ne. Mai igiyar lantarki kuwa, da irin wutar da muke samu da nisan lambu daga soket, ban ga amfaninsa gare mu ba.

Mun biya ta gonar shayi ta Kakara a hanyar dawowa, muka gangara Mayo Selbe, zafi ya karɓe mu tun kafin Serti. Da na iso Kano na shiga Sabon Gari wajen masu sayar da injuna. Na sayi ƙarami mai ƙarfe inci 14, aka kunna shi a gabana, aka tura birki, sarƙa ta tsaya. Na haɗa da sarƙa ta biyu, da magagarin da ya dace da haƙoranta, da man haɗi da man sarƙa, da zarton sanda. Hular kwano, gilashin kare ido, abin toshe kunne, safar hannu da takalmi mai ƙarfe a baki duk na same su a wajen masu kayan gini. Na ƙara da bandeji manya da za a danne rauni da su, muka kuma yi ƙa'ida a gida cewa ba mai kunna injin shi kaɗai a lambu, sai da babban mutum a kusa da waya a hannunsa da abin hawa.

Abu ɗaya ne ya gagara, shi ne wandon kariya. Wando ne da aka cusa wa dogayen zaruruwa a ciki, idan sarƙa ta taɓa shi sai ta fizgo su su cushe inda take juyawa, ta tsaya kafin ta kai nama. Akwai wanda aka yi shi don sarƙa mai gudun mita 20 a daƙiƙa. Shagunan da na shiga suna da injuna har rufi, amma da yawa daga masu shagon ba su taɓa jin labarin wandon ba, sai oda na bayar aka kawo daga baya. Yana da zafi a irin yanayinmu, shi ya sa nake yanka da sassafe. Injin bai taɓa itace ba sai da wandon ya iso, kuma yankan farko a gaban wani tsohon ma'aikacin gandun daji na yi shi, yana tsaye yana gyara mini hannu.

Ina kira ga dillalan injuna na Kano da Kaduna da Jalingo da su riƙa kawo wandon nan da hula da abin kunne tare da inji, su ajiye su a gaban shago inda mai saye zai gani. Ina kuma roƙon makarantu irin su Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos, da ta Afaka a Kaduna, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, su buɗe gajeren horo da Hausa ga masu lambu da masu yankan katako, ko da na mako guda ne. Kai kuma mai karatu, idan kuɗin hannunka ba za su isa inji da kayan kariya tare ba, ka jinkirta sayen injin har su isa.